Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, ina da tambaya. Yaranmu Golden Eaglets sun ci kofin duniya sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Amma manyansu, Super Eagles, ba su taɓa wuce zagaye na biyu ba a gasar duniya, a 2022 ma Ghana ta hana su zuwa. To, ina yaran nan suka shige?

Ni dai na ce laifin masu riƙe da harkar ne, don kofi suke so, ba reno ba. Sau da yawa ƙato ne ake rage wa shekaru ya kara da yara, lokacin da ake jiran ya nuna kuwa ya riga ya tsufa. Dalili ke nan FIFA ta shiga gwajin ƙashin wuyan hannu a 2009. Yaro na gaske yana ƙauye yana dukan ƙwallon tsumma, ba mai koya masa.

A farfaɗo da gasar firamare da sakandare, a horar da malaman wasanni, a daina ƙaryar shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane.