Gurbi Ya Cika da 'Ya'yan Wa?

Jama'a talakawa, ku saurara! Tun 1978 aka kafa JAMB, wai don ɗan sarki da ɗan mai tireda su shiga jami'a ta ƙofa guda. To, ina ƙofar? Uwa ta sayar da akuyarta ta sayi fom, ta biya kuɗin mota, ta kuma biya na Post-UTME. Yaro ya ci, sai a ce masa gurbi ya cika. Da wa ya cika? A 2017 suka kawo CAPS, suka ce an toshe ƙofar baya, amma wasiƙar manya ba ta daina yawo ba. Mu dai abin da muke nema shi ne kowace jami'a ta liƙa sunayen waɗanda ta ɗauka a bakin ƙofarta, kowa da makinsa, mu je mu karanta da idonmu.