Idan Kyanwa Ta Zo Gargara: Aikin da Ke Jiran Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo

A Madakiya, ƙauyen Bajju da ke ƙaramar hukumar Zangon Kataf kusa da Kafanchan, kyanwa ma'aikaciya ce. Ita ke gadin rumbun masara da ɗakin ajiyar amfanin gona, tana rage ɓeraye, waɗanda wani jinsinsu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Sai dai idan tsufa ya cim mata, ko ciwon ƙoda ko na daji ya kwantar da ita har ta daina ci da sha, babu wani tanadi da aka yi mata.

Abin da ke biyo baya sananne ne a karkara da birni. Wani ya kai ta bakin daji ya yar, wani ya ɗaure ta a buhu, wani kuma ya zuba mata maganin ɓera ko Sniper a abinci, duk da cewa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wannan guba tun 2019. Masu yin haka galibi ba mugaye ba ne, rashin mafita ne ya kai su. Amma guba takan sa dabba ta yi ta shure-shure da kumfar baki kafin rai ya fita, sannan gawar ta zama tarko ga kare da ungulu, ragowar abincin kuma ga kaji da yaran gida.

Likitocin dabbobi suna da hanyar da ta fi wannan. Da farko likita zai duba ko ciwon na warkewa ne, domin sau da yawa abin da mai gida ya ɗauka ajali ne, tsutsar ciki ce ko ruɓewar haƙori. Idan ya tabbata babu magani, kuma dabbar ba ta iya tashi ko numfashi cikin sauƙi, sai ya yi mata allurar barci, ya biyo da wani magani mai suna pentobarbital ta jijiya. Cikin 'yan mintoci zuciya ke tsayawa ba tare da raɗaɗi ba. Maganin na hannun likita ne kaɗai, kuma dole a binne gawar da zurfi, don yana iya kashe abin da ya ci ta. Yanke hukuncin kuwa na mai kyanwar ne, kuma wanda imaninsa bai yarda ba yana da haƙƙin a ba dabbarsa maganin rage zafi har ta cika da kanta.

Akwai inda lamarin ya wuce tausayi. Kyanwar da ta sauya hali, tana dalalar da yawu tana cizo, tana iya ɗauke da cutar haukan kare, wadda kusan ba a tsira daga gare ta da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum. Idan aka kashe irin wannan aka jefar, an jefar da shaida. Ƙwaƙwalwarta ake buƙata a ɗakin gwaji, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana maƙwabciyar Jihar Filato. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu ya garzaya asibiti, kada ya jira sakamako.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Hankalinta na kan shanu da madara da rikicin makiyaya da manoma, kuma ba a ga laifinta ba. Amma jami'ai da mataimakan da ke rubuta takardun kasafi a Abuja su ne ke iya saka layi guda da zai haɗa karnuka da kyanwoyi cikin aikin likitocin gwamnati. Ya kamata ma'aikatar, tare da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya da gwamnatin Kaduna, ta fitar da ƙa'ida a rubuce, ta tanadi maganin ƙarƙashin kulawa a ofishin dabbobi na shiyyar Kafanchan, ta kuma ware ranar da likita zai riƙa zagaya ƙauyuka irin su Madakiya, ko da sau ɗaya ne a wata.