Idan Canjin Batir Ya Gagari Bakanike, Mota Ta Wa Ce?

A da, babu aikin da ya kai canjin batir sauƙi a jikin mota. Sifana ɗaya ta isa: a kwance kan batir biyu, a ɗaga tsoho, a ɗora sabo, a murza makulli. Yaron gareji da bai cika wata uku da fara koyo ba yana iya yin sa. Amma a motocin tsere na alfarma da Turawa ke ƙerawa a yau, wannan ɗan aiki ya zama sai gwani da kwamfuta, wani lokaci ma har da izinin kamfani. Ina ganin ya kamata mu dubi al'amarin tun yanzu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk fasahar da aka fara gwadawa a motar masu hannu da shuni, ba a daɗewa take gangarowa kan motar ma'aikaci da ta haya.

Bari in ba mai karatu misali. A motar Porsche 911 ta Jamus, inji yana baya, batir kuma yana cikin but ɗin gaba, kuma a samfuran baya-bayan nan da lantarki ake buɗe murfin wannan but. Ke nan idan batir ya mutu, ya kulle kansa a ciki. Sai an samo wani batir an jona shi da wata 'yar maɗaukar wuta da ke cikin akwatin fiyus, kusa da ƙafar direba, sannan murfin ya buɗe. A 2010 kamfanin ya fara sayar da batirin litiyam ga masu 911 GT3, wanda nauyinsa bai kai kilo 6 ba, ya kuma fi na dalma sauƙi da fiye da kilo 10. Irin wannan batir yana da cajarsa ta musamman, kuma cajar da aka saba da ita a garejinmu tana iya lalata shi.

A motocin BMW kuwa, ciki har da masu gudu na jerin M, akwai wata 'yar na'ura a kan batir da ke lissafa yawan wutar da ta shiga da wadda ta fita. Gwargwadon tsufan batir, kwamfutar motar tana sauya yadda ake yi masa caji. Saboda haka idan an saka sabo, dole a jona na'urar bincike a shaida wa motar cewa an yi canji, a kuma faɗa mata girmansa da irinsa idan sun bambanta da na tsohon. In ba haka ba, za ta ci gaba da yi wa sabon batir cajin da ya dace da tsoho, har ya mutu kafin lokacinsa. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda dama zafi ke rage wa batir kwana, asarar ta zama biyu.

Wani zai ce ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya iya sayen irin wannan mota sai ya iya ɗaukar nauyinta. Wani kuma zai ce kamfanonin suna da hujja, kuma lallai suna da ita. Rage nauyi yana ƙara wa mota gudu, lura da caji yana rage shan mai, kuma motar da ke wuce kilomita 300 a awa ba abin wasa ba ce da kowa zai tsoma wa hannu. Ban musa ko ɗaya ba. Inda na tsaya shi ne, wanda ya biya kuɗin mota ya cancanci a ba shi, shi da bakaniken da ya zaɓa, bayanin da za a gyara ta da shi. Idan aka sayar wa mutum ƙarfe aka riƙe ilimin sarrafa shi, rabin mota aka ba shi. Gaskiya ne akwai na'urorin bincike a kasuwa da ke iya wannan rajista, to amma ƙofar tana ƙara matsewa. Tun daga motocin 2018 kamfanin Fiat Chrysler ya saka wani shinge a kwamfutocin motocinsa, wanda sai an sami izini ta intanet kafin na'urar waje ta iya sauya wani abu.

Wasu ƙasashe ba su naɗe hannu ba. Tun 2007 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera motoci su bai wa garejoji masu zaman kansu bayanan gyara. A jihar Masacusets ta Amurka, kashi 86 cikin 100 na masu zaɓe sun amince da dokar 'yancin gyara a 2012, suka kuma faɗaɗa ta a 2020. Afirka ta Kudu ta fara aiki da nata ƙa'idojin a watan Yulin 2021, Ostireliya ta biyo baya a Yulin 2022.

Mu da muke sayen motocin da wasu suka hau suka gaji, mun fi kowa bukatar irin wannan kariya, domin mafi yawan motocin da ke kan titunanmu ba su taɓa shiga garejin wakilin kamfani ba. A hannun makanikan Apo a Abuja, da na Panteka a Kaduna, da masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano rayuwarsu take. Waɗannan mutane ba su rasa basira ba. Da kunne da ido suka naƙalci inji, har suka mayar da sunayen sassansa Hausa, irin su birki da giya da filogi da kafireto. Sai dai kwamfutar mota da rubutu take magana, cikin Turanci da lambobi, kuma ba a koyon wannan ta hanyar kallon maigida yana aiki.

Don haka ina kira ga Majalisar Tarayya da ta samar da doka da za ta tilasta wa duk kamfanin da ke sayar da mota a Nijeriya ya buɗe bayanan gyaranta ga kowane gareji mai rajista a kan farashi mai sauƙi. Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci ta haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai da sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu, a tsara littattafan koyar da lantarkin mota cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, da kalmomin da masu sana'ar suka riga suka sani. Idan muka yi sakaci, nan da 'yan shekaru motocin da ke buƙatar kwamfuta kafin a canja musu batir su ne za su cika tashoshinmu, dubban iyalai da ke ci daga sifana kuma su rasa madafa.