Laifin Batir ne ko na Kayan Sauti?

A Sakkwato, da zarar batirin mota ya wayi gari a mace, sai a ɗora wa zafi laifi. Haƙiƙa zafin Afrilu, mai haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir. Amma a ganina, wanda ya ƙara manyan sifiku ya fara tuhumar amfilifaya. In aka haɗa ta ba daidai ba, takan tsotsi wuta ko an kashe mota, tamkar kaska jikin saniya. Lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6, in inji na aiki kuwa kusan 14. A zare fis ɗinta dare guda, a auna da safe. Ɗalibai, awo ke gaba da hukunci. Sabon batir ba ya cire kaska.