Kafin Mu Yi wa Wuƙar Kaka Kuɗi, Mu San Sunanta



A gidaje da dama na Gwarzo da Kabo, in aka buɗe adakar tsoho bayan rasuwarsa, akan tarar da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, ta yi tsatsa, ƙotarta ta sha hannu. Daga nan magada kan rabu biyu: wasu su miƙa wa ɗan gwangwan ya auna a kilo, wasu su rantse dukiya ce ta miliyoyi. Mu a ganinmu duka biyun sun yi gaggawa, domin babu wanda ya tsaya ya tambayi wuƙar daga ina take.

Amsar tana jikinta. A duba gindin ƙarfen, kusa da ƙota, inda masana'anta ke buga tambari. In an ga Okapi, an fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus a 1902, musamman domin kasuwannin Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ke nan sunan ƙasar da ke jiki ya isa ya nuna ko ta girmi 1988. In kuwa ƙotar ƙarfe ce shimfiɗaɗɗiya mai rubutun Douk-Douk, daga garin Thiers na Faransa take, an soma yin ta a 1929, kuma ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ita Opinel, zoben da ke kulle bakinta sai a 1955 aka ƙara mata shi.

Sai dai tsufa daban, tsada daban. Waɗannan wuƙaƙe na talakawa ne, an buga su da yawan gaske, aka sayar da araha. Masu tara irinsu suna duba ƙarancin samfurin, da fitowar tambari, da ko an sauya ƙota, da yadda washi ya cinye baki. Shi ya sa wanda ya kai ta wurin mai washi don ta yi ƙyalli kafin ciniki, da hannunsa ya karya mata daraja. A goge ta da ɗan mai da tsumma, a ɗau hoton tambarin, a ji ta bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba su ne masu saye ba.

Wani zai ce ina ruwan marubuci da wannan? Ruwanmu ne tsundum. Mukan rubuta "ya zaro wuƙa" mu wuce, alhali ta mahauci daban, askar wanzami daban, wadda maƙerin ƙauye ya buga daban. Wuƙar maƙeri galibi ba ta da tambari, shaidarta tana bakin tsofaffi kawai: wa ya ƙera, wa ya saya, rago nawa ta feɗe da Babbar Sallah. Ranar da suka kau, ta koma guntun ƙarfe.

Don haka aikinmu na wannan mako: kowa ya nemi tsohuwar wuƙa a gidansu, ya zauna da dattijon da ya san ta, ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani a jikinta. In magada za su sayar, su sayar da sani. Allah Ya jiƙan magabatanmu.