Tsakanin Abuja Da Jidda: Nisan Taswira Daban, Na Aljihu Daban

Daga Wakilinmu na Arewa, Jabi, Abuja

Duk wanda ya zauna a tashar motar Jabi dab da lokacin aikin Hajji, zai ji ana gardama a kan abu ɗaya, watau me ya sa kuɗin kujera ke hawa alhali Makka ba ta gusa daga inda take ba?

To, a miƙe dai, daga Abuja zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne. Daga Kano wajen 3,400, daga Ikko kuwa kusan 4,200. Wannan ne ya sa Hukumar Alhazai ta Ƙasa takan yanka wa maniyyatan Kudu kuɗin da ya ɗara na Arewa, na Maiduguri da Yola kuma su fi kowa sauƙi. Saboda haka ɗan'uwanmu na Agege ko Sabon Ibadan, ba wai an cuce shi ba ne, mai ne jirgi ya fi sha.

Amma fa jirgi ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya sai da yardar masu ƙasar da zai keta. Hanyarmu ta Cadi take bi, ta shiga Sudan, ta haye Bahar Maliya. Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Janar Dagalo, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ga shi kuwa an bai wa Nijeriya kujera 95,000 a shekarar. Tilas jirage suka riƙa yin zagaye, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ta ƙaru da wajen awa biyu. Kamfanoni suka ce sai an ƙara masu dala 250 a kan kowane mutum. Haka kuma a watan Agusta na shekarar 2023, da sojojin Nijar suka rufe nasu sararin, jiragen Turai masu zuwa Abuja da Ikko sai da suka yi kwana mai nisa.

Abin lura a nan shi ne, Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, wasu shekara da shekaru kafin su kai Sawakin. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga Burmi a 1903 can suka kafa Mai Wurno, jikokinsu kuma suna nan.

Don haka, jama'a, wanda ke tara kuɗin kujera ya riƙa kasa kunne ga labarin Sudan kamar yadda yake tambayar farashin dala, ya kuma ajiye wani abu a gefe don ko-ta-kwana. Gwamnati kuwa, sa baki a sasanta Sudan aikinta ne, domin gobarar maƙwabci ta riga ta taɓa aljihun alhajinmu.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya kai mu da rai.