Daga Ɗakin Jinya: Ina Ɗumin Jaririnki Yake Tafiya?

Kin lura idan koko ya huce, kwanon ne ke ɗaukar zafin? Zafi ba ya ɓacewa, ƙaura yake yi daga abu mai ɗumi zuwa mai sanyi. Haka jikin jariri yake: shimfiɗa mai sanyi ta ja, iska ta kwasa, ruwan da ke bushewa a fatarsa ya tafi da sauran, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da an haife shi a tsane shi, a sa masa hula, ki rungume shi fata da fata. Wankan farko ya jira awa 24, ko da kaka ta matsa. Idan jikinsa ya yi sanyi, ya ƙi nono, a garzaya asibiti.